Tsohuwar azurfar Girka a cikin roba: me ya sa kuɗinta ya ninka a gwanjo?

Tambayar ta fito ne daga wani Alhaji mai harkar canji a Agege. Ya shiga wani gwanjon tsoffin sulalla na Amurka ta intanet, ya ci wata ƙaramar azurfa ta zamanin Iskandar na Makidoniya, irin wadda ake kira dirakma, wadda NGC, wani kamfanin tantance sulalla na Amurka, ya tantance ya like a cikin gidan roba. An buga masa guduma a kan dala 650, amma kafin ta iso hannunsa a Legas sai da dala 860 ta fita daga aljihunsa. Bayan wata biyu ya ga irinta, ba roba, wani dillali a Jamus ya sa mata kuɗin da bai kai dala 300 ba. Yana so ya sani ko cutarsa aka yi, kuma ya fasa robar ne ko ya ƙyale ta.

Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. In dai azurfar da ta zo maka ita ce wadda aka nuna a hoto, ba a cuce ka ba. Amma ka biya fiye da ƙima, kuma mafi yawan abin da ka ƙara ba don azurfar ba ne, don robar ne da 'yar takardar da ke cikinta. Na daɗe a wannan harka, kuma abin da ya same ka shi ne ya fi samun masu shigowa da kuɗi a hannu ba tare da sun san kasuwar ba, don haka bari in warware maka shi tun daga tushe.

Like sulalla a roba al'adar Amurka ce, kuma ba ta daɗe ba. Wani kamfanin tantancewa mai suna PCGS ya fara a 1986, NGC ya biyo baya a 1987. An yi abin ne domin sulallan Amurka waɗanda inji ya buga, inda dubban ɗaruruwa ke fitowa kamanni ɗaya, nauyi ɗaya, faɗi ɗaya. A irin waɗannan, bambancin da ke tsakanin guda biyu bai wuce yawan gogewa da ƙarzuna ba, shi ya sa ake iya ba su maki daga 1 zuwa 70 bisa ma'aunin da William Sheldon ya fito da shi a 1949, mutum ya saya ko bai gani ba. Sai a 2008 NGC ya buɗe sashen sulallan zamanin da, na Girka da Rum da Rumawan Gabas. Daga nan masu kuɗin Amurka da suka saba sayen maki suka shigo kasuwar tsoffin sulalla da wannan ɗabi'a tasu, farashin abin da ke cikin roba ya fara rabuwa da na wanda ba ya ciki.

Matsalar ita ce azurfarka ba inji ne ya buga ta ba. Wani maƙeri ne ya ɗora gutsuren azurfa a kan hatimin da aka sassaƙa da hannu, ya ɗora wani hatimin a sama, ya maka guduma. Wani bugun ya sauka a tsakiya, wani ya karkace har rabin rubutun ya fita waje. Wani hatimin sabo ne, wani ya gaji har ya tsage. Wani masassaƙin gwani ne, fuskar da ya fitar kamar ta yi magana, wani kuwa almajiri ne a sana'ar. Bayan haka azurfar ta kwanta a ƙasa fiye da shekara 2,000, wata a cikin tulu, wata a cikin laka mai gishiri, sannan wani ya tono ta ya wanke, ko da hankali ko da ganganci. Duk waɗannan su ne ke yanke farashi, kuma babu maki ɗaya da zai iya ɗauke su gaba ɗaya.

NGC ma ya san da haka, shi ya sa takardarsa ta tsoffin sulalla take da kashi uku. Akwai darajar gogewa, wadda ake rubutawa da haruffa: VF, XF, AU, MS, daga wadda ta sha hannu sosai zuwa wadda kamar ba a taɓa kashe ta ba. Akwai makin bugu daga 1 zuwa 5, akwai makin lafiyar jiki shi ma daga 1 zuwa 5. Wani lokaci a ƙara tauraro ga wadda ta yi kyan gani, ko a rubuta Fine Style ga wadda sassaƙarta ta fita daban. Sabon mai saye idonsa na kan haruffan farko ne kawai. Ya ga MS ya rikice. Wanda ya san harkar kuwa ya fi duba makin jiki da ƙananan kalmomin da ke ƙasa, inda ake faɗin cewa an goge ta da buroshi, ko an kankare bayanta don ya yi sumul, ko tana da ƙarzuna. Na sha ganin MS mai makin jiki 2 wadda kanta ya karkace, ga kuma VF mai kyakkyawar sassaƙa, bugu a tsakiya, launinta ya dafe irin na azurfar da ta daɗe a akwati. A wurina, da wurin duk wanda ya daɗe yana tarawa, ta biyun ta fi, kuma ita ce za ta fi saurin samun mai saye ranar da aka tashi sayarwa.

Ga wani abu da nake so ka riƙe da kyau, domin a nan ne mutane da yawa ke ruɗuwa. A sulallan zamani, manyan kamfanonin tantancewa suna ba da lamuni: in ya tabbata jabu ne, su biya. A tsoffin sulalla NGC ya rubuta ƙarara a sharuɗɗansa cewa ba ya sa abin da yake zargin jabu ne a roba, amma hukuncinsa ra'ayi ne, ba lamuni ba. Ra'ayin masana ne, kuma ina girmama shi, domin mutanen da ke wannan sashe sun ga sulalla masu ɗimbin yawa. Sai dai ra'ayi daban, alƙawarin mayar da kuɗi daban. Dillalan da ke cikin ƙungiyar IAPN ta ƙwararrun masu sayar da sulalla ta duniya, wadda aka kafa a Janeba a 1951, sharaɗin zamansu a ƙungiyar shi ne su tsaya wa ingancin duk abin da suka sayar. Ke nan tana yiwuwa azurfar nan ta dala 300 da ka gani a Jamus, in a hannun irin wannan dillali take, ta fi taka kariya ta fuskar mayar da kuɗi. Wasu gidajen gwanjo ma sukan sa a sharaɗinsu cewa abin da ke cikin roba ba a dawo da shi. Ka koma ka karanta sharuɗɗan gidan da ka saya.

Haka kuma robar ba ta ce komai a kan salsalar abin ba, wato daga ina ya fito, ta hannun wa da wa ya bi. A watan Oktoba na 2020 kamfanin Roma Numismatics na Landan ya sayar da zinariyar Brutus na Rum mai rubutun EID MAR, wadda ya buga don tunawa da kisan da shi da abokansa suka yi wa shugaban Rum Julius Kaisar a shekara ta 44 kafin haihuwar Annabi Isa, a kan fam miliyan 3.24 har da la'ada. NGC ya tantance ta, kuma ta gaske ce. Amma takardun asalinta ƙirƙira aka yi. A 2023 aka kama mai kamfanin a New York, ya amsa laifi, zinariyar kuma aka miƙa ta ga ƙasar Girka. Ƙasashe irin su Italiya da Girka da Turkiyya da Masar suna bin kayan tarihinsu, Amurka kuma ta ƙulla yarjejeniya da su kan hana shigo da wasu nau'o'in sulalla marasa takarda. Shi ya sa azurfar da za a iya nuna hotonta a cikin wani kundin gwanjo na kafin 1970, shekarar yarjejeniyar UNESCO kan kayan tarihi, take da ƙima ta musamman. In za ka ƙara kuɗi a kan wani abu, ƙara shi a kan wannan. Mu a nan ma mun san zafin abin, ga kayan Benin da Nok da aka kwashe, ga dokar 1979 da ta kafa hukumar kula da gidajen tarihi ta hana fita da kayan tarihinmu ba izini.

Sai batun ƙaranci. Da mutum ya ji an ce abu ya shekara 2,300, sai ya ɗauka guda nawa ne suka rage a duniya. Ba haka ba ne. Iskandar ya rasu a shekara ta 323 kafin haihuwar Annabi Isa, amma an ci gaba da buga kuɗi da sunansa fiye da shekara 200 bayan rasuwarsa, domin 'yan kasuwa da sojojin haya sun amince da su. Irin taka, mai nauyin kusan giram 4.3, kan Herakles, jarumin tatsuniyar Girkawa, sanye da fatar zaki a gaba, Zeus, babban abin bautarsu, a zaune riƙe da mikiya a baya, an buga ta da yawan gaske a biranen yammacin Turkiyya ta yau: Sardis, Miletos, Kolofon, Lamsakos, Abidos. Mafi yawan waɗanda ke yawo a kasuwa na bayan rasuwarsa ne. Dubi ƙafafun wanda ke zaune a bayan taka. In a jere suke, akwai yiwuwar ta zamanin rayuwarsa ce, in kuwa ya harɗe ɗaya a baya, galibi ta bayansa ce. Wannan alama ce ta farko kawai, ba hukunci ba, ƙananan alamomin da ke gefen kujera su ne ke tabbatar da gari da lokaci. Ta zamanin rayuwarsa ta fi tsada, kuma wannan bambanci ne na gaskiya wanda ya cancanci a biya masa.

Mutanen da ba su da banki, a tulu suke binne dukiya, kuma har yau ana tono ta. A Reka Devnia ta Bulgeriya an samu azurfar Rum fiye da 81,000 a wuri ɗaya a 1929. A Frome ta Ingila, a 2010, wani mai na'urar neman ƙarfe ya tono tulu ɗaya da sulalla 52,503. A Tomares ta Sifaniya, a 2016, ma'aikatan da ke haƙa ramin bututu suka ci karo da tuluna 19 cike da tagullar Rum kimanin kilo 600. Galibin waɗannan an kai su gidajen tarihi ne, amma akwai wasu da yawa da kasuwa suke faɗawa. Wajen 2018 azurfar Atina mai hoton mujiya, wadda nauyinta ya kai giram 17, ta cika gidajen gwanjo, da yawansu sababbi ƙal, an zuba su a roba da MS a goshi. Waɗanda suka sayi irinta da tsada kafin lokacin suna ji suna gani farashi ya sauko. Dattawanmu ma sun san liyari, azurfar nan mai hoton Maria Theresa, sarauniyar Ostiriya, da ta yi yawo a ƙasar Hausa. Kowace ɗauke take da shekarar 1780, alhali an ci gaba da buga ta da wannan shekara har zuwa zamaninmu. Tsufan shekarar da ke jiki bai sa ta yi wuyar samu ba.

Abin da ke da wuyar samu da gaske ba ya buƙatar roba kafin ya yi kuɗi. Dinarin Banu Umayya na shekara ta 105 bayan Hijira, mai ambaton ma'adinin Amirul Muminina a Hijaz, an sayar da shi fam miliyan 3.72 a Landan a 2019. Abin da ke rubuce a jikinsa da ƙarancinsa ne suka kai shi can. Ni kam ina mamakin yadda 'yan'uwanmu ke tsallake kuɗin Musulunci su tafi na Girka, alhali dirhamin Wasit na Banu Umayya ko na Madinatus Salam, wato Bagadaza, na Abbasiyawa, mai ɗauke da kalmar shahada da shekara da sunan gari, wanda kai da kanka za ka iya karantawa, ana samunsa a ƙasa da abin da ka biya nesa ba kusa ba.

Yanzu mu zo lissafi, wanda kai ka fi ni iyawa. Guduma ta sauka a 650. La'adar gidan gwanjo a kan mai saye, wadda a manyan gidaje takan kama daga kashi 20 cikin 100 zuwa sama, ta ci 130. Kuɗin aikowa da inshora da cajin banki suka cinye sauran 80. Ka ga 860. To a ce gobe ka mayar da ita gwanjo, gidan ya cire maka kashi 10 cikin 100 a matsayinka na mai sayarwa. Kafin ka mayar da uwar kuɗinka sai guduma ta sauka a wajen 955, wanda ke nufin sabon mai sayen zai biya kusan 1,150 in an haɗa da tasa la'adar. Wato sai farashin ya ƙaru da kusan rabi kafin ka tashi ba riba ba faɗuwa, ban ma sa kuɗin aika ta daga Legas ba. Kamar sarƙar gwal ce: ranar saye ka biya nauyi ka biya kuɗin aiki, ranar sayarwa sikeli kawai za a ɗora ta.

Kada kuma naira ta rufe maka ido. Wanda ya sayi abu da dala kafin watan Yuni na 2023, lokacin da farashin gwamnati yake wajen naira 460, zai ga kamar ya ci riba ninki uku bayan dala ta haura 1,500 a 2024. Wannan ba ribar azurfa ba ce, da dalar ya ajiye a aljihu ma da ya samu haka. Da kuɗin da ka saya za ka auna, da shi kuma za ka gane ko abin ya hau ko ya sauka.

Akwai kuma abin da gwanjo kansa ke yi wa zuciya. Gwanjon Amurka yakan kai tsakar dare a agogon Legas, mutum ya gaji, lamba na hawa a waya, wani da ba ka gani ba ya ƙara dala 25, kai ma ka ce ba za a ƙwace maka a kan 25 ba. Wanda ya ci gwanjo shi ne wanda ya fi kowa ƙiyasta abin da tsada, duk sauran masu tayi sun ga bai kai haka ba suka janye. In akwai masana a cikinsu, janyewarsu magana ce. Ƙiyasin da gidan gwanjo ke rubutawa a ƙasan hoto shi ma ba farashi ba ne, sau da yawa da gangan ake sa shi ƙasa don a jawo masu tayi. Addininmu ya halatta gwanjo amma ya haramta najashi, wato mutum ya taya abu ba da niyyar saye ba sai don ya tura farashi, kamar yadda ya zo a hadisin Ibn Umar a Bukhari da Muslim. Ba na cewa an yi maka haka. Amma a gwanjon intanet ba ka ganin fuskar abokin tayinka, kuma kariyarka ɗaya ita ce iyakar da ka yanka wa kanka tun da rana.

Ba na cikin masu cewa robar banza ce. Ga mutumin da ke zaune a Legas, wanda ba zai iya shiga shago a Munik ko Zurik ya juya azurfa a hannu ba, tana da amfani. Jabu ya yi yawa, tun daga na Carl Wilhelm Becker, shahararren mai ƙera jabun sulalla na Jamus da ya rasu a 1830, har zuwa na maƙeran Bulgeriya na zamaninmu waɗanda hatimi suke sassaƙawa su buga kamar yadda mutanen da suka yi. Ido na biyu na masani yana rage haɗari, kuma ga zinariya mai tsada ko nau'in da aka san ana yawan kwaikwayonsa, zan yarda a ƙara wani abu. Magada ma, in ta Allah ta kasance, sun fi sauƙin sayar da abin da ke da suna a rubuce. Amma kuɗin sa azurfa irin taka a roba 'yan gomomin daloli ne. To don me za a biya ɗaruruwa saboda aikin gomomi? Sannan ita kanta robar ana yin jabunta, don haka ka shigar da lambar da ke jikin taka a shafin NGC, ka gwada hotonsu da abin da ke hannunka, tsaga da tsaga, gefe da gefe.

In za ka sake shiga, ga yadda nake yi. Kafin ranar gwanjo nakan nemi irin abin a rumbunan farashi kamar acsearch da CoinArchives, in duba abin da aka sayar da gaske a shekara biyu ko uku da suka wuce, masu roba da marasa roba, musamman a gidajen Turai inda galibin tsoffin sulalla ba a roba ake sayar da su ba. Sai in duba kasuwannin dillalai na intanet irin su VCoins ko MA-Shops in ga nawa zan same shi yau ba tare da tayi ba. In ana samunsa a 300 a shago, babu dalilin kai shi 400 a gwanjo. Daga nan in yi lissafi daga baya zuwa gaba: in duka abin da zan iya fitarwa dala 500 ne, in cire 80 na aikowa da banki, saura 420, in raba da 1.2, ya ba ni 350. Wannan 350 ita nake rubutawa a matsayin tayina na ƙarshe, in bar wa na'urar gidan ta taya a madadina, in kwanta. In rufe takardar da yatsa, in kalli azurfar ita kaɗai, in tambayi kaina ko zan biya wannan kuɗi da babu haruffan nan. Irin taka kuwa kusan kowane mako sai ta fito a wani gwanjo, in wannan ta wuce wata na tafe.

Maganar fasawa: kar ka fasa. Tunda ka riga ka biya kuɗin robar, bar ta, domin in ka tashi sayarwa a kasuwar Amurka ita ce za ta dawo maka da wani ɓangare na abin da ka ƙara. Masu tarawa da yawa suna fasawa don su taɓa abin da hannu, su auna nauyi, su duba gefe, kuma ina fahimtarsu, amma wannan ga wanda ya sayi abin da arha ne ko ya yanke ba zai sayar ba. Sai dai ka sani robar ba ta hana iska shiga gaba ɗaya, Legas kuwa ga laima ga iskar teku mai gishiri. Azurfa tana jurewa, illa dai ta ƙara duhu. Tagulla ce abin tsoro, domin in akwai gishiri a jikinta, laima na tayar da wata tsatsa kore-kore mai kama da gari wadda ke cin ƙarfen har ta huda shi, ko a cikin roba ne. Ka samu akwati mai rufuwa ruf, ka zuba ƙullin nan masu shanye danshi da ake samu a kwalin takalmi ko na magani, ka riƙa canza su, ka kuma buɗe ka duba sau biyu ko uku a damina. Rasitin gwanjon da hoton shafin da aka sayar da ita, buga su a takarda ka ajiye tare da ita, domin daga yau su ne farkon salsalarta a hannunka, kuma mai saye na gaba zai tambaye su.